Wuyan Mai Aski

Wani dare Shiru mai aski ya ji ana bin sa a baya. Ya fito daga ɗakinsa ne zai zaga banɗaki, a doguwar barandar nan da ƙofofin 'yan haya takwas suke kallo, sai ya ji wani abu yana cewa shaaa, ya huta, ya sake cewa shaaa, kamar ana jan buhu marar nauyi a kan siminti. Ya tsaya, abin ya tsaya. Ya juyo da jiki gaba ɗaya, don wuyansa ya daɗe da daina waige shi kaɗai, bai ga kowa ba sai bokiti da tsintsiyar wani. Ya ci gaba, abin ya biyo shi. Sai da ya je ya dawo sau biyu kafin ya kama mai laifin. Ƙafarsa ce ta hagu. Ta daina ɗaguwa daga ƙasa, jan silifa take yi, ba ta kuma yi shawara da shi ba.

Ba tsoro ya fara ji ba. Ɗan takaici ya ji, don ya ɗauka baƙo ya yi.

Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai guga da wani kanti da aka rufe tun bara. Kujeru biyu ne a ciki da dogon madubi ɗaya. Kujerar dama tasa ce. Ta hagu ta Rediyo ce, abokin aikinsa na shekara talatin da huɗu, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana shan ruwa. Masu zuwa aski ne suka raɗa musu sunayen, suna cewa in kana son labari ka zauna hagu, in kana son barci ka zauna dama. Shekara biyu ke nan da Rediyo ya kwanta dama. Shiru bai sayar da kujerar ba. Kullum yakan goge ta, ya ɗora tawul a kafaɗarta.

Suna da wani abu da suke yi in an tashi aiki. In an rufe ƙofa an share gashi, sai ɗaya ya zauna, ɗaya ya tsaya a bayansa, ya tallafi haɓa da hannu ɗaya, ƙeya da ɗaya, ya lallaɓa kan kamar mai gwada nauyin kankana, sai ya murɗa. Ƙas! Ya murɗa ɗaya gefen. Ƙas! Sai su yi musanya. Rediyo yakan ce duk gajiyar mai aski a wuya take taruwa, don yini yake yi a sunkuye yana leƙen kan mutane, in ba a fasa ta ba sai ta kwana ta yi 'ya'ya.

Bayan ƙafa sai hannu. Maɓallin riga ya zama abokin gaba, sai ya yi ta lalube kamar mai sanye da safar hannu. Ya koma sa riguna marasa maɓalli, ya ce da kansa zafi ake yi. Amma aska ba a yi mata wayo. Samari duk sun koma shagunan kilifa masu kiɗa, waɗanda suka rage wa Shiru dattawa ne, kuma don askar nan suke zuwa. Shekara arba'in da ɗaya yana bin maƙogwaron mutane da ita bai taɓa fitar da jini ba. Ba shi da gida nasa, matarsa ta riga shi, 'yarsa ɗaya tana can wata ƙasa da mijinta. Abin da yake da shi a duniya wanda zai nuna ya ce nawa ne, shi ne wannan.

Ranar wata Talata ya yanki ɗaya daga cikin dattawan nan, wanda ake kira Direba, a ƙasan haɓa. Ɗan ja ne kawai ya ɓullo cikin farin kumfa.

"Kai, Shiru!" in ji Direba, yana dariya. "Yau ka yi magana ke nan. Ashe da aska kake yin taka."

Shiru ya danna auduga a wurin. Abin da ya tsorata shi ba jinin ba ne. Bai ji lokacin da askar ta shiga ba.

Ya zauna ya yi wa kansa bincike, ya kuma gano cutar da kansa, kamar yadda masu zaman kaɗaici suka saba. Shekara biyu ba a fasa masa gajiya ba, ta kwana ta yi 'ya'ya har da jikoki. Magani ke nan a fili. Sai dai kunya ba za ta bar shi ya shiga shagon wani a unguwarsu ba. Ya hau mota ya yi nisa, har inda ba wanda ya san fuskarsa, ya shiga wani shago mai talabijin biyu. Mai shagon ƙato ne mai gemu kamar an zana da biro.

"Aski ko gyaran fuska, Baba?"

"Wuya kawai."

"A'a, Baba ɗan gari ne! Zauna, yanzu za ka koma saurayi."

Mai gemu bai lallaɓa ba, bai gwada nauyi ba. Damƙa ya yi ya fizga. Shiru ya ji kamar an jona ƙeyarsa da wayar lantarki, wuta ta bi ta tsakiyar bayansa ta fita ta tafin ƙafa da kan yatsu. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya sulale ƙasa cikin gashin mutane, yana kallon silin, yana mamakin yadda fanka take juyawa ba ruwanta. Sai bayan kusan kwata na awa ƙafafun suka fara dawowa, ɗaya bayan ɗaya. Mai gemu, da gumi ya jiƙe shi sharkaf, ya cicciɓe shi ya sa a tasi sai asibiti, yana ta rantsuwa cewa shi bai taɓa karya kowa ba.

Likitar da aka tura shi wurinta bayan kwana biyu mace ce mai furfura kaɗan a gefen kunne, faratanta a yanke ƙwal. Ta sa shi tafiya a kan layi, dunduniya na taɓa yatsa, ya yi tangaɗi kamar ɗan maraƙi. Ta sa shi ya dunƙule hannu ya buɗe da sauri, yatsun suka riƙa makara. Sannan ta kama ɗan yatsansa na tsakiya ta ɗalli farcen, sai ga babban yatsansa ya rusuna shi kaɗai, kamar yana gaishe ta.

"Ƙara yi," in ji Shiru.

Ta ƙara. Yatsan ya sake rusunawa. Shiru ya yi murmushi, rabonsa da ganin abin al'ajabi irin wannan tun yana yaro.

"Baba, wannan ba abin murna ba ne," in ji ta, ita ma tana murmushin.

Aka tura shi cikin wata na'ura mai kama da rami, ya kwanta ana ta buga masa ƙarafa a kunne kamar an rufe shi a shagon maƙera. Da hoton ya fito, Likita ta juyo masa da allon kwamfuta. Ya ga wuyansa ta gefe, ƙasusuwa a jere kamar an ɗora tubali, a bayansu wata farar hanya, cikinta wata igiya mai toka-toka.

"Wannan igiyar ita ce laka," in ji ta. "Duk saƙon da kai zai aika wa hannu da ƙafa ta nan yake bi. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan matashi. Naka biyu sun bushe sun ɓullo baya, ƙashin kuma ya yi tsiro. Dubi nan da nan."

Ya duba. A wuri biyu igiyar ta tsuke kamar tiyo da aka taka.

"Wa ya murɗa maka wuya?"

"Wani ne."

"To kada wani ya ƙara. Ko da wasa. Ka yi sa'a ka tashi."

Shiru ya nuna hoton. Ya ce, "Murɗawar ce ta jawo? Ta dā, ta shekaru?"

"Ba zan ce ita ce ba. Shekaru ne, da sunkuyo, da irin ƙashin da aka haife ka da shi. Amma yanzu da hanya ta tsuke, murɗawa ɗaya ko faɗuwa ɗaya a banɗaki tana iya kwantar da kai gaba ɗaya."

Ya ji sanyi a ransa da ba a ɗora wa Rediyo laifi ba.

Ta jero masa hanyoyi a hankali, tana zana su a bayan takarda. Akwai kwalar wuya da magani da gashin ƙashi, a riƙa duba mutum duk bayan 'yan watanni. Wannan ta masu ɗan abu kaɗan ce, tana rage ciwo, amma ba ta faɗaɗa hanya. Akwai tiyata ta baya, a buɗe rufin ƙashin ta ƙeya kamar ƙofa don laka ta sami sarari, an fi yin ta in wuraren da suka tsuke suna da yawa. Akwai kuma tiyata ta gaba, a cire matasan nan biyu da tsiron, a cike gurbinsu, a ɗaure ƙasusuwan da ɗan ƙarfe su haɗe.

"In ba a yi komai ba fa?"

"Wannan ciwon matakala yake sauka. Ya zauna wata shida ka ce ya tafi, sai ka wayi gari ya sauka taki ɗaya. Abin da ya sauka kuma ba kullum yake hawowa ba. A naka, ni ta gaba zan ba ka shawara, kuma kada a daɗe."

"Hannun zai dawo?"

"Abin da tiyata take yi shi ne ta tsayar da saukar. In wani abu ya dawo, riba ce. Wasu suna samu da yawa, wasu kaɗan. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Kuma akwai haɗari, kamar kowace tiyata. Haɗiya za ta yi wuya na 'yan kwanaki, murya tana iya dishewa."

"Murya ba ta dame ni ba," in ji Shiru. "Ba na aiki da ita. Ta ina za a yanka?"

Ta miƙo yatsa ta taɓa shi a gefen maƙogwaro, cikin wata tsohuwar lanƙwasa ta fata. Ya san wurin sarai. Nan ne inda mai aski yake riƙe numfashi, inda ake ce wa mutum kada ka yi tari, kada ka haɗiyi yawu. Dubban mutane sun ɗaga masa haɓa sun rufe ido, bai taɓa tambayar kansa me suke ji ba.

"A ba ni kwalar," in ji shi.

Mako uku ya yi da kwala a shago. Ta ɗaga masa haɓa sama, ba ya ganin abin da hannunsa yake yi sai ya karya gwiwa. Direba ya ce Shiru ya zama babban mutum, ya daina kallon talakawa. Ciwon wuya ya ragu ƙwarai, har ya fara cewa likitoci ma da son yanka suke. Sai wata safiya yana wasa aska a jikin fata, sama da ƙasa, sama da ƙasa, idonsa na kan titi, ya ji ƙarar ƙarfe a siminti. Ya duba madubi. Askar tana ƙasa, hannunsa kuwa yana ta kai da komo a jikin fatar, ba komai a cikinsa.

Ya rufe shago. Ya naɗe askar a hankici ya koma asibiti.

"Likita, kafin in yarda, ina da jarrabawa."

Ya warware hankicin a kan teburinta. Wata nas da take tsaye a gefe ta ja da baya.

"Baba, me ye haka?" in ji nas ɗin.

"Ba faɗa na zo ba, 'yata." Ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa damtsensa mai farin gashi. "Likita, aske mini nan."

Likita ta dube shi ta saman tabarau. "An ce wanzami ba ya son jarfa, yau na gani da idona." Ta ɗauki askar ta buɗe, ta juya ta a haske. Riƙon da ta yi mata ba na masu aski ba ne, kamar alƙalami ta riƙe. Amma Shiru ba wannan hannun yake kallo ba. Kafin ƙarfe ya kusanci fata, hannunta na hagu ya riga ya sauka, yatsu biyu sun lalubi wurin, sun ja fatar ta miƙe, sun tsaya suna sauraro.

Ya janye damtsensa. "Ya isa."

"Ban ma fara ba."

"Kin gama. Kowa yana iya riƙe aska. Hannun da ba ya yanka shi ne mai askin. Shi yake shiga gaba ya tambayi fata." Ya naɗe kayarsa. "A sa rana."

Nas ce ta cike masa takardu, don biro ma ya daina yi masa biyayya. Da suka zo layin ƙarshe ta ce, "Wa za a kira? Dole a sami wanda zai ɗauke ka, ya kuma riƙa leƙa ka makon farko."

Ya tuna 'yarsa, da ƙananan yara uku da aikin da ba a ba ta hutu. In ta ji, za ta yi kuka a waya, ta kwana tana neman jirgi. Lambar Rediyo kuwa har yanzu tana kansa, ba ta da amfani. Sai wata lamba ta faɗo masa, wadda aka rubuta da jan fenti a allon da mai guga ya kafa a bakin titi. Shekara goma sha ɗaya yana ganinta a madubi, a juye, har ya haddace ta daga ƙarshe zuwa farko. Ya rufe ido ya juyo ta, ya karanta wa nas.

"Me ye shi a wurinka?"

"Bango ɗaya ne tsakaninmu."

Bai gaya wa Mai Guga ba. Sau biyu yana tsayawa a ƙofarsa, su gaisa kamar kullum, ya ce yaya aiki, a ce da godiya, ya wuce.

Ranar tiyata ya je shi kaɗai da jakar leda. Aka kwantar da shi, aka sa masa ɗan matashi a ƙarƙashin kafaɗa, haɓarsa ta ɗaga sama. Ya ce a ransa, ashe haka silin yake daga nan. Ya so ya haɗiyi yawu, ya fasa.

Da ya farka, maƙogwaronsa kamar ya haɗiyi burushi. A gefen gado wani gajeren mutum mai tumbi yana zaune, yana ƙamshin sitati, ya harɗe hannuwa.

"Sannu, ɗan'uwana na jini," in ji Mai Guga. "Ina cikin guge rigar mutane aka kira ni, wai an gama yi wa Babana aiki. Na ce wane Baban? Nawa ya shekara ashirin a ƙasa, in kun tono shi ku mayar. Saura kaɗan in ƙona riga. Haba maƙwabci! Bakin nan naka haya kake ba da shi? Kalma huɗu: zo ka kai ni. Ta gagare ka?"

Shiru ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito.

"Bar shi, kada ka fara yau. Ga ruwa, an ce da ɗan cokali."

Mai Guga ya kai shi gida, ya yi mako guda yana leƙo shi safe da yamma, yana mita yana wanke masa kofi. Daga nan aiki ya ja shi, leƙen ya koma na jefi-jefi. Shiru ya zauna da kwalarsa da bangon ɗaki. Yana zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, inda ake sa shi tsintar wake daga faranti zuwa kofi, da taka layi. Da 'yarsa ta kira ta ce, "Baba, me ya sami muryarka?" sai ya ce, "Mura ce, Auta. Ina yaran?" Ƙafa ta fara ɗaguwa. Wata safiya ya ɓalla maɓalli uku a jere, ya zauna bakin gado yana kallonsu, ba wanda zai nuna wa.

Bayan mako bakwai aka cire kwala. Likita ta ce ƙashi yana haɗewa yadda ake so, saukar ta tsaya. Ya sayi balan-balan biyu a hanya, ya buɗe shago da rana tsaka, ya saya ƙofa. Haka maigidan da ya koya masa aski ya gwada shi yana ɗan shekara sha bakwai: a hura, a shafe da kumfa, a aske tas ba tare da ta fashe ba.

Ta farko ta fashe a ja na biyu, kumfa ya fantsama har kan madubi. Ya goge, ya huta, ya hura ta biyu. Wannan karon ya bi ta a hankali, layi bayan layi, har ta fito tas tana sheƙi. Hannun dama ya riƙe askar gam, bai yi rawa ba. Amma ya san yadda aka yi. Da ido ya yi aikin. Yatsun hagu da suke gaba suna danna robar ba su gaya masa komai ba, kamar ta cikin bargo suke taɓa ta. Balan-balan ba ta tari, ba ta da ƙurji a ɓoye cikin gemu.

Ƙofa ta buɗe, Mai Guga ya leƙo. "Na ji harbi, na ce ko an zo fashi." Ya dubi balan-balan, ya dubi askar. Sai ya shigo ya faɗa kujerar dama, ya ɗaga haɓa ya rufe ido. "To ga na gaske. In ka yanka, matata za ta gode maka."

Shiru ya tsaya a kansa. Ya ɗora yatsun hagu a maƙogwaron, ya ja fatar, ya jira. Yana ganin jijiya tana bugawa a ƙarƙashin yatsansa, amma bugun bai iso gare shi ba. Ya ɗauke hannu. Ya wanke askar, ya tsane ta, ya shafa mata mai, ya naɗe a hankici, ya sa a can ƙarshen aljihun tebur ya tura. Sannan ya jona kilifa.

"Au, da injin samari za a yi mini?"

"Da shi."

Ya yi masa aski mai kyau, ya daidaita saje, ya kaɗe masa kafaɗa. Hannun bai yar da komai ba. Mai Guga ya tashi yana juya kai a madubi, yana cewa yau sai an tambaye shi ko aure zai ƙara. Shiru ya juya baya ya ɗauki tsintsiya. Nan ne Mai Guga ya ga ƙeyarsa a madubin, gashi fari ya sauko ya rufe wuyan riga, ya cukurkuɗe inda kwala ta danne shi mako bakwai.

"Af, maƙwabci," in ji shi. "Wai kai wa yake yi maka naka askin?"